Fitilar goshi ta mafarauta: na gwada ta wajen neman kwaɗi a kurmin Oban

Ga ɗalibai irina da za su fita aikin daji, wannan ita ce fitilar da ake ɗaurawa a goshi, mai caji, da ake samu wajen masu kayan lantarki a babbar kasuwar Sakkwato. Kuɗinta bai kai na takalmin robar da na saya tare da ita ba. Na tafi da ita Kuros Riba, ɓangaren Oban na gandun dajin da gwamnatin tarayya ta kafa a 1991.

Kwaɗin can ba irin namu na fadamar Kwalkwalawa ba ne, masu cika kunne da kuka idan damina ta sauka. Na kurmi da muka je nema a bakin ƙorama mai gudu suke, manne da duwatsu masu santsi, kuma ƙarar ruwa na danne kukansu. Da ido ake neman su, da dare. Nan fitilar ta burge ni: da yake hasken na fitowa dab da idonka, ƙwayar idon kwaɗo sai ta maido maka shi tun daga nesa. Tocilan hannu ba ta yin haka sosai, ga shi kana bukatar hannu biyu don kada ka sha ƙasa. Da ita na ga 'ya'yan wani kwaɗo da ba sa zama cikin ruwa, sai a jikin dutsen da ruwa ke fesa wa. Akwai kuma wani kwaɗo mai gashi, wanda namijinsa ke fitar da wasu zarurruka na fata a cinya da kwiɓi lokacin haihuwa, in ka kama shi kuma ƙashin yatsunsa na baya ya huda fatarsa ya karce ka. Ƙaton kwaɗon da ke wuce kilo 3 kam sai Kamaru da Ikwatoriyal Gini.

Matsalar fitilar ita ce ruwa. Mai shago ya rantse mini ba ya shiga. Ina jin yayyafin Sakkwato yake nufi. Raɓa ta taru a gilashin, haske ya dusashe, sai da na riƙa buɗe ta tana shan iska da rana. Igiyar ma na saki in gumi ya jiƙa ta. Caji yana kai rabin dare idan ka bar ta a ƙaramin haske.

Zan sake saye, amma biyu, kuma zan naɗe bakin murfin da salatif tun daga gida.