Shagon da ya tayar mini da tsofaffin kwamfutoci domin koyar da Python a Damagaram

A ƙarshen daminar bara wani ɗan'uwana da ke aiki a Yamai ya aiko mini da kwamfutoci bakwai waɗanda ofishinsu ya daina amfani da su, domin ya san ina tara ɗalibai a zauren gidanmu da ke Birni bayan sallar la'asar ina koya musu rubuta manhaja da harshen Python. Huɗu daga ciki na tebur ne ƙirar Dell OptiPlex 755, biyu na hannu ne ƙirar ThinkPad T60, sai wata ƴar ƙarama Acer Aspire One wadda allonta bai fi tafin hannu biyu ba. Dukkansu suna kunnuwa, kuma duk Windows 7 ce a kansu, amma da na sauke sabon Python na yi ƙoƙarin ɗora shi sai suka ƙi karɓa, ɗaya bayan ɗaya. Dalilin sananne ne ga masu wannan harka: daga siga ta 3.9 masu kula da Python suka daina tallafa wa Windows 7, wadda kamfanin Microsoft ma ya janye hannunsa daga gare ta tun watan Janairun 2020. Siga ta 3.8 ce ta ƙarshe da take shiga, ita ma an daina yi mata gyaran tsaro a watan Oktoban 2024, kuma ba ta gane wasu abubuwan da ke cikin sababbin darussa, kamar umarnin match da ya shigo tare da 3.10. Wannan ne ya kai ni wani shagon gyara da ke kusa da Kasuwar Dole, wanda wani abokin aikina ya kwatanta mini.

Shagon ƙarami ne ƙwarai, mutum uku in suka tsaya a ciki sai na huɗu ya jira a waje, kuma mai shi matashi ne da ban yi tsammanin ya kai shekara 30 ba. Abin da ya fara jawo hankalina shi ne bai yi mini maganar kuɗi ba sai da ya duba kayan. Ya zaro kile na USB daga aljihu, ya tayar da kowace kwamfuta da Linux ɗin da ke kansa, wato wani tsarin gudanar da kwamfuta kamar Windows, ba tare da ya taɓa faifan ajiyarta ba, ya buga umarnin lscpu mai nuna bayanin furosesa, wato ɓangaren da ke yi wa kwamfuta lissafi, ya ɗauki alli yana rubuta lamba a jikin kowace: 64 a kan huɗun nan na tebur, 32 a kan sauran ukun. Sannan ya juyo ya ce: "Mushe, waɗannan huɗun ba su da ciwo ko kaɗan, wanda ya sa musu Windows ne ya ɗaure su. Ukun nan kuwa sai mun lallaɓa su." Ya yi mini bayani cewa furosesa Core 2 Duo da ke cikin na teburin tana iya aikin bit 64, wato yawan bayanin da take sarrafawa a lokaci guda, tun daga masana'anta, sai dai an ɗora mata tsari mai bit 32, abin da ya sa ni da ofishin da ya rabu da su muka ɗauka ƙarfinsu ke nan. Su kuwa T60 ɗin nawa furosesarsu Core Duo ce ta 2006, ƙaramar kuma Atom N270 ce ta 2008, kuma waɗannan biyun bit 32 kaɗai suka sani, babu dabarar da za ta sauya haka. Lamba ɗaya ce ta raba Core Duo da Core 2 Duo a rubuce, kuma na tabbata masu gyara da yawa ba za su tsaya duba ta ba.

Shawarar da ya yanke bayan nan ita ce ta sa nake ganin ya cancanci a rubuta game da aikinsa. Zai iya sa wa huɗun nan Debian 13, wani nau'in Linux, wadda ta fito a watan Agustan 2025 da Python 3.13, amma ita wannan siga ta daina fitar da manhajar ɗorawa da ƙwayar tsari (kernel) domin kwamfutoci masu bit 32, wato ukun nan ba za su samu shiga ba. Ubuntu kuwa, wani nau'in Linux ɗin, ta rufe wannan ƙofa shekaru da dama kafin haka. Sai ya tambaye ni ko ɗaliban za su riƙa musayar kwamfuta tsakaninsu, da na ce ƙwarai kuwa, ya ce to gara a sa wa duka bakwai ɗin Debian 12 ta watan Yunin 2023, mai bit 64 a kan huɗu, mai bit 32 a kan uku, domin Python 3.11 ne a cikin kowace, ta yadda abin da yaro ya rubuta a wannan zai gudana a waccan ba tare da bambanci ba. Wanda bai taɓa tsayawa gaban aji ba ba zai gane nauyin wannan ba. Babu abin da yake kashe wa mai koyo gwiwa kamar ya rubuta daidai abin da maƙwabcinsa ya rubuta, na wancan ya yi aiki, nasa ya fito da jan rubutu, malamin kuma ya ɓata rabin darasi yana neman laifin da ba na yaron ba ne.

Akwai wani abu da na gani da idona a rana ta biyu wanda har yanzu nake ba ɗalibaina labarinsa. Ɗaya daga cikin na teburin ta gama karɓar tsarin lafiya, amma duk lokacin da ya nemi ta sauke manhaja daga intanet sai ta ƙi, tana cewa takardun ma'ajiyar ba su fara aiki ba tukuna. Ni na ɗauka layin ne ya yi rauni, har na fara shirin sayen wani kati. Shi kuwa ya dubi kusurwar allo, ya nuna mini kwanan watan da kwamfutar take bayarwa, wanda ya koma baya da shekaru masu yawa. Ya buɗe murfin, ya ciro wani ɗan batiri mai kama da tsabar dala, CR2032, ya ce shi ne yake riƙe agogo idan an kashe wuta, kuma idan ya mutu kwamfuta tana farkawa a shekarar da aka ƙera ta, sai ta ɗauki duk wata shaidar tsaro ta yau a matsayin wadda lokacinta bai zo ba. Ya sauya shi a duka na teburin, ya busa ƙurar hunturun da ta toshe fankokinsu har ta zama kamar auduga, ya kuma shafa sabon man sanyaya a kan furosesa. A garin da zafin bazara yake wuce digiri 40, wannan sharar ba ƙawa ba ce, ita ce take hana na'ura mutuwa a tsakiyar darasi.

Inda aikin ya yi masa tsauri shi ne ɗakunan karatun da Python yake dogara da su, wato shiryayyun manhajojin da ake ƙara masa, musamman NumPy, wanda nake buƙata domin darussan lissafi. A kwamfuta mai bit 64 umarnin pip, wanda yake ɗora wa Python irin waɗannan ƙarin, yana sauke shi a shirye cikin ɗan lokaci. A mai bit 32 kuwa masu NumPy sun daina fitar da shiryayyen kunshi na Linux, saboda haka pip yana ɗauko ɗanyen rubutun ne ya ce kwamfutar ta gina shi da kanta. A nan mai shagon ya yi kuskure, kuma ya amsa shi da bakinsa: ya bar ƴar Acer ɗin, mai ram giga 1 kacal, tana wannan ginin tun hantsi har bayan magariba, daga ƙarshe ƙwaƙwalwarta ta cika aikin ya rushe. Washegari ya bi hanyar da ya kamata ya fara bi, wato ya ɗauko NumPy da Matplotlib daga ma'ajiyar Debian da umarnin apt, inda an riga an gina su domin bit 32. Sigar ba ita ce mafi sabunta ba, amma ga mai koyon jadawali da zanen lanƙwasa ta isa har ta yi saura. Haka kuma ya gaya mini tun da wuri kada in sa rai da VS Code, manhajar da ake rubuta Python a cikinta, a kan ukun nan, tunda an daina fitar da shi domin Linux mai bit 32 tun 2019, ya sa mana Thonny a madadinsa, wanda aka ƙirƙira a Jami'ar Tartu ta ƙasar Estoniya domin masu fara koyo. Da na gwada shi a aji sai na ga ya ma fi dacewa da mu, domin yana nuna wa yaro yadda kowane layi yake gudana da yadda ƙimar kowane suna take sauyawa mataki-mataki.

Ina da ƙorafi, kuma ba ƙanana ba ne a wurina. Ya yi mini alkawarin Alhamis, ban karɓi kayan ba sai Litinin, kuma ni ne na riƙa kiransa, shi bai taɓa kirana ya sanar da ni jinkirin ba. Bai ba ni rasit ba, bai kuma rubuta mini kalmomin sirrin da ya sa ba, sai da na koma na same shi. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne madannai: kwamfutocinmu na AZERTY ne irin na Faransa, amma a kan biyu ya bar tsarin Amurka, ɗalibi ya danna A ta fito Q, kuma a harshen da alamomin rubutu irin su baka da aya biyu suke da muhimmanci kamar Python, wannan ya cinye mana darasin farko gaba ɗaya. Haruffanmu masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, bai yi tunaninsu ba sam, alhali kuwa Python 3 yana karɓar su a cikin rubutu har ma a sunayen da mai rubutu yake raɗawa, kuma ina son yaran su ga harshensu a kan allo. Da na nuna masa, ya gyara ba tare da ya nemi ƙari ba, ya ce: "Mushe, ka yi haƙuri, wannan sakacina ne." Kuɗin aikin jaka 5 ne a kan kowace kwamfuta, ban da batura da man sanyaya, kuma idan na auna da kwanakin da ya ɓata a kansu ban ga ya tsawwala ba.

Yanzu watanni ke nan muna aiki da su. Na teburin ba su taɓa ba mu matsala ba. T60 ɗin biyu suna gudanar da Thonny lafiya, sai dai idan aka buɗe shafin intanet mai nauyi tare da shi suna ja da baya, don haka na sauke takardun bayanin Python na ajiye a kan faifansu domin a karanta ba tare da layi ba. Mai shagon bai ɓoye mini cewa ukun nan kwanakinsu ƙidayayyu ne ba, domin tallafin dogon zango na Debian 12 zai ƙare a tsakiyar 2028, kuma bayan nan ya ce in cire su daga intanet in bar su ga darussan farko kaɗai, waɗanda ba sa buƙatar komai daga waje. Wanda yake da tsohuwar kwamfuta a Damagaram yana so ta yi irin wannan aiki, ina ba shi shawarar ya je wannan shago, amma ya tafi da takarda da biro ya rubuta abin da aka yi yarjejeniya a kai, ya kuma gwada madannai kafin ya baro wurin. Ƴar Acer ɗin tana can wurinsa har yanzu, yana nema mata ram mai giga 2, wanda shi ne iyakar abin da za ta iya ɗauka, kuma ya ce da zarar wani ɗan kasuwa da yake yi masa saye a Kano ya dawo zai kira ni.