Hattara da masu tallar "tocilar sojoji" mai haska kilomita biyar

Assalamu alaikum. Wannan jan kunne ne ga 'yan sintiri, masu gadi, mafarauta, manoman rani masu ban ruwa cikin dare, da duk wanda aikinsa ke kai shi waje bayan isha'i. Wasu masu talla sun cika Facebook da TikTok da bidiyon wata tocila da suke kira ta sojoji. Wai haskenta lumen 100,000 ne, wai tana kai kilomita biyar, wai batirinta 9900mAh ne (mAh ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka ne), sai ka yi kwanaki ba ka nemi caji ba. Babu ko ɗaya a cikin ukun nan da yake gaskiya, kuma ba sai kana da wata na'ura ba kafin ka gane haka.

Bidiyon ne ke fara cin mutane. Za ka ga wani tsaye a fili cikin duhu, ya kunna tocila, haske ya miƙe fari fat har sararin sama. Sai ya ɗauko wata tocila a matsayin ta kasuwa, ya kunna, ka ga ta yi dishi-dishi abin tausayi. Abin da ba a faɗa maka shi ne kyamarar waya ba ido ba ce. Idan ta shiga duhu da kanta take ƙara haske, kuma mai ɗauka na iya ɗaga hasken hoton lokacin tasa tocilar, ya rage lokacin ta abokin gasa. Sannan wannan layin hasken da ke burge mutane a cikin iska, ƙura ce ko hazo ko hayaƙi ke fito da shi. A daren da iska ta yi garau da wuya ka ga layin, ko da tocilar mai kyau ce. Ranar da hazon hunturu ya sauka kuwa, ko ƙaramar tocila sai ta yi wannan kwalliyar. Balle ma da yawa daga bidiyon ba nasu ba ne: na wata tocila ce mai tsada, aka sato daga shafin wasu, aka yanke, aka ɗora murya da lambar waya.

Daga nan sai ciniki ya koma WhatsApp. "Alhaji, saura guda biyu kacal, gobe farashi zai tashi." Ba shago, ba adireshi, sai lambar asusu, sau da yawa ma sunan da ke kan asusun daban da sunan shafin. Wasu da zarar kuɗi ya shiga sai su rufe ka, shi ke nan. Wasu sun fi wayo: za su ce ka biya kuɗin mota kawai, sauran sai kaya ya iso. Kayan zai iso tasha da rana tsaka, direba na sauri, ka buɗe kwali ka danna, ta kawo haske, ka biya. To da rana wa zai iya bambanta tocila mai kyau da ta banza? Sai dare ya yi ka fita bayan gida, ka tarar bishiyar da ke can ƙarshen layi ma ba ta kai ba. Ka kira, a ce maka caji ne bai cika ba, ka bar ta a wuta ta kwana. Washegari lambar ba ta shiga. A unguwarmu 'yan sintiri sun haɗa kuɗi an sayo musu irinta, ba a jima ba suka koma kan tsofaffin tocilolinsu. Cinikin biri a sama ke nan.

Mu duba lambobin nan da suke tsorata mutane da su. Lumen ma'aunin yawan hasken da fitila ke fitarwa ne gaba ɗaya. Tsohon ƙwan lantarki mai wat 60 yana ba da kusan lumen 800. Ƙwan fitilar gaban mota na halojin, mai wat 55, bai wuce wajen 1,500 ba. Ƙwayar hasken da ake yawan rubuta sunanta a jikin tocilolin nan, Cree XM-L T6, ko ta asali ce iyakarta kusan lumen 1,000, shi ma sai an ba ta wuta sosai kuma an sama mata hanyar fitar da zafi. Galibin na cikin masu arahar ma kwaikwayo ne. To ta ina 100,000 ta fito?

Akwai tocilar da kamfaninta ya ce tana kai lumen 100,000, ita ce Imalent MS18. Ƙwayoyin haske 18 gare ta, batura takwas manya, da fanka a cikinta don kada ta ƙone, nauyinta ya kusa kilo biyu, kuɗinta ɗaruruwan daloli. Ita ma wannan hasken kusan minti ɗaya take riƙe shi, sai ta rage da kanta saboda zafi. Kuma nisan da kamfanin ya rubuta mata mita 1,350 ne. Wato ko wannan katuwar ba ta kai kilomita ɗaya da rabi ba, amma wani yana so ka yarda abin da ke shiga aljihun riga, da batir ɗaya, zai kai biyar.

Lissafin wutar ma ya isa hujja. Ƙwayar haske mai kyau tana ba da lumen 100 zuwa 150 a kan kowane wat. Lumen 100,000 ke nan yana buƙatar wat ɗari bakwai zuwa dubu, kusan abin da dutsen guga ke ja. Batir ɗaya na irin wanda ke cikin tocilolin, ko mafi ingancinsa, da a ce zai iya fitar da wannan wutar, da kusan minti ɗaya kawai zai yi ya ƙare.

Shi nisan haske yana da ƙa'idarsa. Tun 2009 masu ƙera tocila a Amurka ke aiki da wani ma'auni da ake kira ANSI FL1, kuma kamfanonin kirki na ko'ina suna buga shi a kwali. A wannan ma'aunin, nisan tocila shi ne inda haskenta ya ragu ya koma daidai da hasken cikakken farin wata. Kun ga kuwa a wannan nisan ba ka iya tantance fuskar mutum, balle ka ga abin da ke hannunsa. Ni a ganina, duk nisan da kamfani mai gaskiya ya rubuta, ka raba shi biyu, abin da ya rage shi ne wanda zai yi maka aiki. Kuma yawan lumen ba shi ne nisa ba. Tocila mai lumen da yawa na iya watsa haskenta ya cika tsakar gida amma bai je ko'ina ba. Wata mai lumen kaɗan, da babban kai da madubi mai zurfi, ta harba shi can nesa. Abin da ke nuna nisa shi ne kandela, ma'aunin ƙarfin hasken da ke miƙewa wuri ɗaya. Kilomita ɗaya na buƙatar kandela 250,000, biyu na buƙatar miliyan ɗaya, biyar kuwa fiye da miliyan shida. Ka tambayi mai tallar kandela nawa ce tocilarsa, ka ji yadda zai yi ta kame-kame.

Yawancin tocilolin da ake tallar masu kan nan ne da ake ja gaba a tura baya. Idan ka ja don hasken ya tsuke, za ka ga ɗan murabba'i a jikin bango, hoton ƙwayar hasken ce kanta. Yana kama da ya ƙara ƙarfi, alhali kaso mai yawa na hasken ya maƙale a cikin kan tocilar. Ta wurin nan mai zamewa kuma ruwa da ƙura ke shiga, duk da rubutun "ba ta jin ruwa" da ke kwalin.

Batirin shi ne ya fi damuna, domin a nan ba asarar kuɗi kaɗai ba ce. Sunansa 18650, kaurinsa milimita 18, tsawonsa 65. Manyan kamfanoni irin su Samsung, LG da Panasonic, nasu da aka saba gani a wannan girman yana tsayawa ne a wajen 3500mAh. Duk wanda ka ga an rubuta masa 6800 ko 9900 to jabu ne, babu ja. Na ƙwarai yana da nauyin giram 45 zuwa sama kaɗan. Ka je wurin mai ƙaramin sikeli, irin na masu sayar da zinare, ka ɗora. Na jabu sau da yawa za ka ji shi sakayau. An sha fasa irinsu a tarar da ɗan ƙaramin batir a ciki, wani lokacin har da yashi don ya yi nauyi, ko kuma tsohon batirin kwamfuta ne aka sake wa riga. Irin wannan batir, a haɗa shi da cajar da ba ta yanke wuta idan ya cika, yana iya ɗaukar zafi ya kama da wuta. Kada a bar shi a caji a ɗakin da yara ke kwana, kada a ɗora shi kan katifa, idan kuma ya kumbura ko ya yi zafin da hannu ba ya jurewa, a daina amfani da shi.

Wanda ke son saye, ya nemi mai shagon da zai iya komawa gare shi, su yi yarjejeniyar gwaji bayan magariba. A fita fili, a zaɓi abin da aka san nisansa, bango ko bishiya. Tsawon filin ƙwallo kusan mita 100 ne, ya isa awo. A tura mutum ya tsaya can sanye da kaya masu duhu, a ga ko za a gane shi. A zo da tsohuwar tocilar da aka saba da ita, a haska wuri ɗaya daga tsayuwa ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, a duba da ido ba ta fuskar waya ba. Abu mafi muhimmanci, a bar ta a kunne minti goma zuwa sha biyar. A nan na jabu ke tona kansu: da fari su yi ƙarfi, kafin a gama hira sun yi laushi. Ɗan sintiri kuwa ba minti biyu yake yi a waje ba, har asuba yake kaiwa.

Wanda kuma ya riga ya faɗa, ya ajiye hoton tallar, hirarsu ta WhatsApp da shaidar tura kuɗi, ya sanar da bankinsa da wuri, ya kai ƙarar shafin a Facebook ko TikTok ɗin. A Najeriya ana iya kai koke hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, kayan jabu kuma hukumar kula da ingancin kaya, SON, ce ke bibiyarsu. Don Allah a tura wa shugabannin 'yan sintiri na unguwanni, su ne aka fi nema da wannan tallar saboda suna saye da yawa a lokaci guda.