Ƙwaya shida, tambaya ta fi ashirin

A kan farasitamol, abin da yaro ke sayo mana a kemis ɗin bakin layi, na sha kunya a wani babban kanti a nan Birmingham ta Ingila. Ɓarin kaina na hagu na sarawa, ido kamar zai faɗo, na kwashi kwali huɗu na kai wurin biya. Yarinyar da ke karɓar kuɗi, wadda ba ta kai sa'ar autarmu ba, ta ture biyu gefe ta ce biyu kawai za ta ba ni. Na ce da kuɗina fa zan saya. Ta ce ƙa'ida ce. Mutanen da ke bayana suka zuba min ido, wata tsohuwa har da tambayata ko lafiya nake, irin tambayar da ake yi wa wanda ake zargin zai hallaka kansa. Ashe tun 1998 doka ta taƙaita kwalin kanti ga ƙwaya 16, na kantin magani 32, saboda masu haɗiyar da yawa hanta ta lalace.

Haushin wannan ne ya kai ni wurin likita, kuma ganin likita a ƙasar nan sai mai haƙuri. Ƙarfe 8 na safe za ki kama waya ki shiga layi, suna kaɗa miki kiɗa a kunne alhali kanki na neman tsagewa, in an ɗauka a ce yau ta cika, sai gobe. Ranar da kika samu, minti goma ne rabonki.

Amma a cikin minti goman nan na ji abin da ban taɓa ji a Kano ba. Likitar ta auna jinina, ta tambayi ko haske na damuna, ko ina amai, ko akwai ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki a tarihina, sannan ta ce kwana nawa a wata nake shan maganin ciwo. Ta ce duk mai shan farasitamol ko ibuprofen kwana 15 ko fiye a wata, maganin da kansa kan koma ya zama mai kawo ciwon kan. Ta rubuta min sumatriptan, maganin ciwon ɓarin kai, mai miligiram 50. A sha ɗaya da zarar ciwon ya fara. In ya lafa ya dawo, a jira aƙalla awa biyu kafin a ƙara. In ta farko ba ta yi komai ba, kada a ƙara a wannan tashin. Shi ma in aka kai kwana 10 a wata ana sha, ya zama matsala.

Na biya fam 9.90, kuɗin kowane magani na takardar likita a Ingila, aka miƙo min ƙwaya shida da sunana a jikin kwalin. Mai kantin maganin ma sai da ya sake titsiye ni da tambayoyi. Maganin yana aiki kuwa, gaskiya ɗaya ce, duk da wani nauyi da yake sa min a wuya da kasala.

Mu kuwa a gida sai "Malam, haɗa min na ciwon kai", a ƙulla ja da fari da ruwan ɗorawa a leda, ba suna ba tambaya. In bai sauka ba a ce maleriya ce da taifot, a ɗaura ƙarin ruwa. In ya ƙi, a ce iska ce. Mata nawa ne a cikin gari ke karyawa da ƙwaya kullum, ba wanda ya taɓa ce musu ita ce ke dawo da ciwon?

Sai dai ranar da abin ya kwantar da ni a nan, ni ke jan labule da kaina, ba mai leƙowa ya ce sannu. A gida da Inna ta ɗaure min kai da ɗankwali, ta kore yara waje, ta sa an dama kunun tsamiya, ko da janaretan maƙwabta na ta ruri.

Masu turo min saƙo in sako musu sumatriptan ɗin a jakar mai zuwa gida, ku yi haƙuri, ba zan aiko ba. Bai halatta ga mai ciwon zuciya ko hawan jinin da bai daidaita ba, kuma ba a haɗa shi da Cafergot, wani maganin ciwon ɓarin kai, a cikin awa 24, ga shi na san akwai shi a durowar gidaje da yawa. Yaya, Hajiya da kike nema wa tana da hawan jini. Ki kai ta a auna tukuna, likita ya rubuta abin da ya dace da ita.