Tallafin mai ko kuɗi a hannun talaka?

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Kafin mako ya zagayo, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta kai kusan 500. Daga baya gwamnati ta yi alkawarin raba naira 25,000 a wata, tsawon wata uku, ga magidanta miliyan 15.

Tallafin mai yana da illa babba. Mai motoci uku ya fi mai keke cin moriyarsa, ga kuma fasa-ƙwaurin man zuwa Nijar da Benin. Amma ko bai da mota, lokacin da ake ba da tallafin talaka yana samun rabonsa a kuɗin mota da farashin masara, ba tare da ya cika takarda ba.

Kuɗi a hannu ya fi adalci, kuma shi na fi so. Sai dai wa ke rubuta sunayen? Gwauruwar da ke ƙauye, ba lambar shaidar ɗan ƙasa (NIN), ba asusun banki, ta yaya za a same ta? Tsadar ta iso ƙofarta nan take, kuɗin kuwa sai an tantance. Kamata ya yi a kammala rajistar mabuƙata kafin a cire tallafin.