Bango Ɗaya Tsakanina da Bindigar Maƙwabci

Yaya, barka da war haka. Ina fata ƙafar Inna ta yi sauƙi.

Ka tambaye ni ko da gaske ne a Amurka bindiga kayan kanti ce. A nan Teksas dai haka abin yake. Ranar da na je sayen takalmin motsa jiki, a can ƙuryar shagon na tarar da su jere cikin gilashi kamar agoguna, ƙaramar Glock wajen dala 500 zuwa 600. Ka nuna katin shaida, ka cike fam mai lamba 4473, mai shago ya aika sunanka wa FBI su duba ko kana da tabo. In babu, sau da yawa a ranar za ka fita da abarka. Na tuna yadda a gida lasisin bindigar farauta ma sai an kai ga Sufeto Janar na 'yan sanda, na yi dariya ni kaɗai.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gidan da nake haya. Bene ne mai hawa uku, kowa da ɗakunansa, amma matakala ɗaya, wurin ajiye motoci ɗaya, ɗakin wanki ɗaya. Bangon kuma ba irin bulonmu ba ne, katako ne aka rufe da wani allo mai kama da alli. In maƙwabcina ya yi tari ina ji.

Shi maƙwabcin dattijo ne mai fara'a, shi ya taimaka mini ranar da batirin motata ya mutu. Yana sunkuyawa kan injin, rigarsa ta ɗage, sai ga bindiga a ƙugu. Gabana ya faɗi. Ya lura, ya yi murmushi ya ce tun Satumbar 2021 duk wanda ya kai shekara 21, in ba shi da laifin da ya hana, zai iya yawo da ita ba lasisi. Da na yi wa matar ofishin gidan maganar, ta ce tun 2019 doka ta hana mai gida ya haramta wa ɗan haya ajiye bindiga a ɗakinsa, ko ɗaukarta daga mota zuwa ƙofarsa. Su hujjarsu gyara na biyu ga tsarin mulki ne, na 1791, kuma ba a yi musu wasa da shi.

Mutumin bai taɓa ɗaga mini murya ba, wallahi. Amma ranar Asabar nakan ji ƙarar ƙarfe yana goge ta, kuma gadon Ummi a jikin wannan bangon yake. Makon jiya na ja gadon zuwa gefen taga.

Kada ka karanta wa Inna wannan. Ka ce mata muna lafiya, kuma kuɗin maganin na nan tafe ƙarshen wata.