Ƙauyen Kaka ko Disneyland?

Ana yawan tambayata: a ƙasar Sin, ina yaro ya fi jin daɗin hutu, ƙauyen kakanni lokacin Bikin Bazara (sabuwar shekarar gargajiya ta Sinawa) ko Disneyland, katafaren wurin wasa da shaƙatawa na birnin Shanghai, a hutun 1 ga Oktoba (ranar bikin kafuwar ƙasar)?

Ƙauye ya fi araha, kodayake samun tikitin jirgin ƙasa a lokacin sai an sha fama. Can yaro zai karɓi jan ambulan mai kuɗi, ya zauna gefen kaka tana koya masa naɗe jiaozi (abincin da ake ƙunshe nama ko ganye cikin kwaɓaɓɓiyar fulawa), hannu duk fulawa. Wannan ba ya mantuwa.

Disneyland kuwa, wadda aka buɗe a 2016, ga tsada ga dogon layi. Ɗan shekara uku kan gaji ya ɓarke da kuka, kuma cikin cunkoso sai an riƙe hannunsa gam.

Mai ƙananan yara ya nufi ƙauye. Wanda yaransa suka tasa, aljihu kuma da nauyi, Shanghai za ta yi masa.