Gargaɗi ga masu koyon gyaran kibod a Bauchi: kada ku tura wa mutumin nan kuɗi, kada ku aika masa da kayanku

Assalamu alaikum. Wannan kira ne ga ƙannena ɗalibai da 'yan uwana masu shagunan buga takardu a garin Bauchi, musamman na wajen Yelwa da Gwallameji, inda muke da yawa. Akwai wani mutum da yake tallar kayan koyon gyaran kibod a Facebook, yana jan mutane zuwa wani zauren WhatsApp. Ni ya cuce ni, kuma na san mutum biyu bayan ni da ya cuta, ɗaya ma har yau bai ga kibod ɗinsa ba. Sunansa ba zai amfane ku da komai ba, don canza shi yake yi. Yadda yake aikinsa shi ne bai canza ba, shi zan faɗa muku.

Sana'ata buga rubutu ce. Idan lokacin furojet ɗin 'yan ajin ƙarshe ya zo, ina wuni ina bugu har yatsuna su yi tsami. Shi ya sa bara na sayi kibod na gwanjo irin mai suwic, wanda kowane madanni yake da nasa suwic a ƙarƙashi, da sifirin da 'yan siraran ƙarafuna a ciki, maimakon shimfiɗar roba guda ɗaya da ke cikin kibod na gama-gari. Duk wanda ya yi aiki da shi ya san bambancin. Da hunturu ya shigo sai harafin "a" ya fara ninka kansa: in danna sau ɗaya ya fito biyu, wani lokaci uku, wani lokaci kuma ya ƙi fitowa sam. Mai buga Hausa ya san abin da wannan ke nufi, don da wuya ka gama jimla ba ka taɓa harafin nan sau biyar ba. Takardar mutane ce a hannuna, kuma kowane kuskure ni za a dawo wa da shi.

Ina cikin wannan hali na ci karo da tallar. Abin da ya faɗa a farko gaskiya ne, shi ne ma ƙugiyar. Kowane suwic yana da ƙafafu biyu na ƙarfe da aka like da dalma a jikin fanel, wato allon hanyoyin wuta da ke cikin kibod, don haka idan ɗaya ya lalace ana iya narka dalmar a cire shi a sa wani, ba sai an jefar da kibod gaba ɗaya ba. Ya ce zai aiko da ayan, wato ƙarfen da ake narka dalma da shi, da wayar dalma, da man like wanda masu gyaran waya ke kira fes, da suwic ashirin "Cherry na asali daga Jamus", sannan ya koya maka a zaure kyauta. Na yi tiransifa. A lokacin na lura sunan da ke kan asusun ba shi ne sunan da ke kan shafin ba, na yi masa magana, ya ce na matarsa ne. Na yarda. Bayan kwana huɗu direba ya kira ni na je tasha na karɓi ƙullin.

Zan daɗe a kan abin da ke cikin ƙullin nan, domin a nan cutar take.

Suwic ɗin dai ba sabbi ba ne. Sabon suwic ƙafafunsa fes suke, suna sheƙi, a miƙe. Waɗannan akwai sauran tsohuwar dalma daskare a ƙafafunsu, wasu a lanƙwashe, alamar daga matattun kibod aka ciro su. Cherry kamfanin Jamus ne, ya fito da samfurin MX tun farkon shekarun 1980, kuma yana sa sunansa da tambarinsa a saman murfin kowane suwic. Bayan wa'adin haƙƙin mallakar ƙirar ya ƙare, kamfanonin Sin irin su Gateron da Kailh da Outemu suna yin masu kama da shi, kuma su ma suna sa nasu sunan a fili. Ba jabu ba ne, kaya ne masu sauƙin kuɗi, da yawansu suna aiki lafiya lau. Nawa kuwa daidai wurin da suna yake an kankare shi da wani abu mai kaifi. Ban san duk wannan ba a ranar. Na ɗauka haka ake kawo su.

Ayan ɗin irin wanda ake jonawa kawai ne ya yi ta zafi, babu wurin rage masa wuta. Wayar dalmar da ta dace da ɗan koyo, wadda ake haɗa kuza kashi 63 da dalma kashi 37, tana narkewa ne a digiri 183 na ma'aunin Salshiyos, kuma masu aikin suna saita ayan tsakanin 320 zuwa 350, su taɓa ƙafar suwic daƙiƙa biyu ko uku su ɗaga. Ayan marar saiti idan ya jima a jone yana iya wuce 400. Ramin da ƙafar suwic ke shiga yana da ɗan zobe na jan ƙarfe siriri kamar fatar albasa, manne da fanel. Zafi mai yawa na tsawon lokaci yana sakin mannen, zoben ya ɗago, ya tsinke hanyar wutar da ke bi ta wurin.

To ku ji abin da ya koyar a bidiyonsa. Ya ce ka ɗora ayan a ƙafa ɗaya ka ƙirga ashirin, sannan ka sa sukundireba ta ɗaya gefen ka ɓanɓaro suwic ɗin tun dalma na da zafi. A cikin kayan babu ɗan famfon nan da ake zuƙe narkakkiyar dalma da shi, wanda ake kira soka, babu kuma saƙaƙƙiyar wayar jan ƙarfe da ke tsotse ta. Alhali ba a cire suwic sai an zuƙe dalmar ƙafafun biyu tas, ƙafar tana motsi a cikin ramin ba tare da ta kama komai ba, sannan a matsa 'yan haƙoran robar da suka riƙe shi a jikin farantin ƙarfe a zaro shi a hankali. Idan akwai ƙwan fitila da ya ratsa ta cikin suwic ɗin, shi ma ƙafafu biyu gare shi, sai an warware su. Duk wanda ya taɓa riƙe ayan ya san wannan. Mutumin da ya iya harhaɗa kaya ya sayar, ya iya yin bidiyo, ba zai ce bai sani ba.

Na bi maganarsa tiryan-tiryan. Suwic ya fito da zoben jan ƙarfe maƙale a ƙafarsa. Da na jona kibod, ba "a" kaɗai ba, "s" da "d" ma sun mutu. Madannan kibod a jere suke kan layukan wuta, na kwance da na tsaye, kowane suwic da ɗan dayod ɗinsa mai barin wuta ta bi gefe ɗaya kawai, saboda haka idan ka tsinke hanya a wuri ɗaya, na bayansa a layin sukan tafi tare da shi.

A zauren nasa shi kaɗai ke iya yin magana, an rufe wa kowa baki. Sai na bi shi ta gefe na tura masa hoto. Amsar ta zo nan take, da taushin murya: "Ayya Malam, hannunka ne bai faɗa ba, kowa da haka ya fara. Ka ba direba ya kawo mini, ka turo kuɗin gyara da na mota, kwana uku ka karɓi abinka." Wallahi na yarda laifina ne. Har na fara naɗe kibod ɗin a kwali. Wannan shi ne abin da nake so ku gane: mutumin nan ba da kuɗin kayan yake cin riba ba kawai. Yana sayar maka da abin da zai ɓata maka kaya, ya koya maka hanyar ɓatawa, sannan ya jira kunya ta kawo ka. Ɗan koyo ba ya zargin malami, kansa yake zargi. Kuma tunda bakin kowa a rufe yake a zauren, ba za ka taɓa sanin cewa na kusa da kai ma zobe ya ɗago masa a daren ba.

Abin da ya tsare ni shi ne maƙwabcina mai gyaran waya, da ya ce kafin in biya kuɗin mota in fara kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin a wajen kasuwar Wunti. Na je. Baba ya juya fanel ɗin, ya sa tabarau, ya ce, "Yaro, wa ya ce ka ɓanɓara?" Ya buɗe gwangwanin fes ɗin ya sansana, ya ture shi gefe. Ya ce wannan na masu gyaran lagireto da masu famfo ne, akwai asid a ciki, yana cin jan ƙarfe a hankali har wurin ya yi kore, ba a kusantar da shi ga fanel. Na lantarki daga ƙaron itace ake yinsa. Ya ɗauko mita ya saita ta a inda take ƙara idan wuta ta ratsa, ya gwada suwic ashirin ɗin ɗaya bayan ɗaya yana dannawa. Bakwai ba su yi ƙara ba. Ke nan ko da na yi aikin daidai, akwai yiwuwar in sa matacce a madadin mai ciwo, in sake komawa in ce hannuna ne.

Baba ya goge wurin, ya ɗauko siririyar waya ya yi gada daga ƙafar suwic zuwa inda hanyar ta tsinke, ya like. Bai kai rabin awa ba duk haruffan suka dawo. Abin da ya karɓa bai kai kuɗin motar da mutumin ya nema ba. Sannan ya faɗa mini abin da ya fi yi mini ciwo: wataƙila tun farko ba na buƙatar ayan. Ninka harafi sau da yawa ƙura ce ko datti a kan ƙarafunan cikin suwic, kuma mun san ƙurar hunturu a garin nan. A cire kibod daga kwamfuta, a zare hular madannin, a ɗiga ɗan sinadarin goge fanel irin na masu gyaran waya, a yi ta dannawa, a bari ya bushe sarai. Sau da yawa hakan kaɗai na isa. Idan bai yi ba, sannan a yi maganar canji.

Ina zaune a benci wani ɗalibi ya shigo da irin ƙullina sak, har kalar ledar. Nasa ya fi nawa ban takaici, don kibod ɗinsa irin wanda ba a like suwic da dalma ba ne sam. Akwai 'yan soket a bayan fanel, ana zaro suwic da ɗan ƙarfe mai kama da hantsaki a cusa wani, aikin minti ɗaya. Ya tura wa mutumin hoton kibod ɗin kafin ya saya, mutumin ya ce lallai sai da ayan. Yaron ya ɗora wuta a kan soket ya narka robar. Don haka kafin ku sayi komai, ku duba kwalin kibod ɗinku ko ku nemi bayanin samfurinsa, ku tabbata wane iri ne. A masu soket ɗin ma akwai bambanci: wasu masu araha raminsu matsattse ne, siraran ƙafafu irin na Outemu kaɗai suke karɓa, in ka tilasta mai kauri ka buɗa ramin. Ɗalibin nan ne ya ba ni labarin abokinsa, wanda ya riga ya aika da nasa kibod ta mota tare da kuɗin gyara. An ce masa fanel ya ƙone sai an yo oda daga Legas, ya ƙara kuɗi. Bayan mako biyu aka cire shi daga zaure, aka toshe lambarsa.

Ba ina hana kowa koyon like da dalma ba ne. Ni kaina yanzu ina koya, kuma sana'a ce mai kyau ga matashi a garin da cibiyoyin jarrabawar kwamfuta da shagunan bugu suke ƙaruwa. Amma Baba bai bar ni na taɓa kaya mai rai ba sai da na cire na mayar da ƙafafu sun fi hamsin a kan matattun fanel na rediyo. Ya nuna mini kyakkyawan like: ɗan tudu mai sheƙi da ya rungumi ƙafar, ba dunƙule kamar ƙwallo ba, ba kuma dusasshe mai tsaga ba. Ya ce ƙafa da zobe ake ɗumamawa tare, sannan a kawo wayar dalma ta narke a kansu, ba a kan bakin ayan ba. Kayan aikin duk ana samunsu a shagunan masu sayar da kayan gyaran waya a cikin gari, inda za ka riƙe a hannu, a jona maka ka gani, kuma gobe in ka dawo mai shagon yana nan. Ku yi aikin inda iska ke shiga, kada ku sunkuya cikin hayaƙin, ku wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, kuma ku ɓoye wayar daga yara. Dalma guba ce. Mu 'yan Arewa ba mu manta da ɗaruruwan yaran da ta kashe a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba. A bidiyon mutumin nan babu kalma ɗaya a kan wannan.

Wanda ya riga ya faɗa hannunsa, kada ya goge komai don haushi. Ku ajiye rasit ɗin tiransifa, da hoton tallar, da duk hirarku, da lambar direban da ya kawo ko ya kai kaya. Ku sanar da bankinku da wuri, ku kai ƙara wurin 'yan sanda, kuma hukumar EFCC tana da ofishin shiyya a Gombe. Mu uku mun haɗa takardunmu wuri ɗaya mun kai, domin ƙarar mutum uku a kan asusu ɗaya ta fi ta mutum ɗaya nauyi.

Shekaranjiya ɗalibin nan ya nuna mini tallar ta dawo da sabon suna da sabuwar lamba. Hotunan ba su canza ba: koren tabarmar aiki, ayan mai shuɗin mariƙi, suwic jere a cikin murfin roba, da alƙawarin koyarwa kyauta a zauren da shi kaɗai ke magana. A ƙarƙashinta mun ƙirga mutum goma sha ɗaya suna tambayar farashi, huɗu daga cikinsu sun rubuta cewa daga Bauchi suke.